Farfaɗowa da Murmurewa: Kalmomin Tashi Bayan Faɗuwa a Hausa

A shekarar 2016 tattalin arzikin Nijeriya ya ja da baya, a 2017 kuwa Gwamnatin Tarayya ta fito da wani shiri na shekara 4 domin gyara al'amarin. Gidajen rediyo da jaridun Hausa suka kira shi shirin farfaɗo da tattalin arziki, ba kuwa wanda ya ga aibin wannan fassara, gama kunne ya riga ya saba da ita. Tun kafin lokacin ana ta maganar farfaɗo da noman gyaɗa, da farfaɗo da masaƙu, da farfaɗo da jirgin ƙasa, har da farfaɗo da tarbiyya. Kalma guda ta ɗauke kayan 'yan'uwanta duka, har ya zamana ɗalibin da aka ba fassara a kwalejin horon malamai, da ya ga zancen wani abu da ya faɗi ya tashi, ba ya ko tsayawa tunani, sai ya rubuta farfaɗo.

Alhali kuwa Hausa ba ta da talaucin kalmomi a wannan fage. Akwai farfaɗo, da wartsake, da warke, da murmure, da miƙe, da toho, da ta da komaɗa, da waɗansu da dama, kowace da mazauninta. Ƙamus irin na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 an yi su ne domin mai jin Turanci, saboda haka ba laifinsu ba ne in kalma guda ta Turanci ta tsaya wa uku ko huɗu na Hausa. Laifin yana zuwa ne sa'ad da aka bi hanyar a juye, aka ɗauka tun da fassararsu ɗaya ce, su ma ɗaya ne. Abin da za a nuna a nan shi ne, Bahaushe ba ya zaɓen kalmar tashi sai ya dubi abin da aka rasa a wurin faɗuwa: numfashi ne, ko tsoka, ko jari, ko kuwa abin da ba ya komowa. Sa'an nan ƙirar kalmar ita kanta tana faɗin inda tashin ya kai, da kuma hannun wanda ya yi aikin.

Daga suma zuwa murmurewa

Asalin yawancin waɗannan kalmomi a jikin ɗan Adam yake, daga can aka aro su aka kai kasuwa da gona da gidan gwamnati. Saboda haka ya kamata a fara da majiyyaci.

A ɗauka mutum ya faɗo daga doki ya suma. Aka yayyafa masa ruwa, ya ja dogon numfashi, ya buɗe ido. To, ya farfaɗo. Iyakar abin da kalmar ta faɗa ke nan: rai yana nan, numfashi ya komo. Ba ta ce ya gane waɗanda ke kansa ba, balle ta ce zai iya tashi. In an jima idonsa ya washe, ya san inda yake, ya tambayi dokinsa, sai a ce ya wartsake, ko ya dawo hayyacinsa. Wartsakewa ita ce rabuwa da nauyin da ya danne hankali ko gaɓoɓi, shi ya sa ake faɗinta ga wanda ya tashi daga barci mai nauyi, da wanda maye ya saki, da matafiyin da ya yi wanka ya huta. Kwana ya yi kwana, zafin ciwo ya lafa, ya fara cin abinci, an ce ya sami sauƙi. Mai ɗori ya kwance karan da ya ɗaure ƙafar da su, ƙashi ya haɗe, miki ya rufe: ya warke. Amma fa har yanzu in ya fito ƙofar gida, wanda ya daɗe bai gan shi ba zai yi salati, gama ya rame, wuya ya yi tsawo, riga ta yi masa yawa. Sai bayan wata ɗaya ko biyu, kumatu sun ciko, fata ta yi sheƙi, ƙarfi ya komo har ya koma kan sirdi, sa'an nan za a ce ya murmure.

Ana iya gwada wannan jeri da awo mai sauƙi, watau a haɗa kalmomi biyu da amma a ji ko kunne zai karɓa:

Ya farfaɗo amma bai warke ba.
Ya warke amma bai murmure ba.
Ya murmure amma bai farfaɗo ba.

Jimla ta farko da ta biyu magana ce ta yau da kullum. Ta ukun kuwa, duk wanda ya sha Hausa a nono zai yi dariya in ya ji ta, domin an ɗora rufi ba a kafa gini ba. Wannan ya isa shaida cewa kalmomin matakai ne na tsani guda, farfaɗo tana ƙasa, murmure tana bisa. Kalmomin amsa-kama da ke rakiyarsu ma sun ba da irin wannan shaida. Ana cewa ya warke sarai, ko garau, ko sumul. Ana cewa ya murmure ya yi ɓul-ɓul. Amma abokin tafiyar farfaɗo da aka fi ji shi ne da ƙyar.

A lokacin annobar korona ta 2020 masu karanta labarai sun kiyaye wannan bambanci ba tare da an koya musu ba. Kullum sukan faɗi adadin waɗanda suka kamu, da waɗanda suka rasu, da waɗanda suka warke. Da sun ce waɗanda suka farfaɗo, da mai sauraro ya zaci dukansu sai da suka suma.

Sauƙi tana bukatar a ɗan tsaya a kanta, domin ita ce ta fi ruɗin baƙo. In an tambayi majiyyaci yaya jiki, amsa ɗaya ce, da sauƙi, ko da kuwa ciwon jiya ya fi na shekaranjiya, na yau ya fi na jiya. Wannan ladabi ne da godiya ga Allah, ba rahoto ba ne. Ma'aikacin asibitin da ya rubuta cewa majiyyaci ya ce ya ji sauƙi, ya tsaya nan, bai binciki kome ba tukuna. Mai son sanin gaskiya sai ya saurari abin da ya biyo baya. In an ce da sauƙi, sai dai bai runtsa ba, to, babu sauƙin. In an ce ya ji dama, ko an sami rangwame, ko jiki ya yi kyau, an fara faɗin abin da ido ya gani. Ita gaisuwar ma takan sauya: wanda ke kwance ana ce masa yaya jiki, wanda ya fara takawa ana ce masa yaya ƙarfin jiki, watau an bar tambayar ciwo an koma tambayar murmurewa. Addu'ar da ke biye kuwa, Allah ya sawwaƙe, saiwarta ɗaya da sauƙi. Haka nan afuwa da lafiya, duka biyu daga saiwa guda ta Larabci suka fito, sai dai lafiya ta shigo da harafin lam na Larabci manne a goshinta, kamar yadda littafi da labari da liman suka shigo.

Abin da ƙirar kalma ke faɗi

A 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji 7 bisa ga wasalin ƙarshe da karin sauti, har yanzu kuwa a kan wannan rabo ake koyarwa, ko da yake Paul Newman da waɗansu sun yi masa gyare-gyare. Uku daga cikin azuzuwan nan su ne suka shafi wannan magana.

Aji na 6 shi ne mai ƙarewa da wasalin o, gaɓoɓinsa duka da karin sama, ma'anarsa kuwa aiki ya nufo wajen mai magana: fita da fito, koma da komo, saya da sayo. Farfaɗo 'yar wannan aji ce. Watau a tunanin da ke ƙarƙashin kalmar, wanda ya suma tafiya ya yi, ya bar mutane a nan, farfaɗowarsa kuwa komowa ce wurinsu. Sauran maganganun da ake yi a kan mai suma duk haka suke: numfashinsa ya dawo, hankalinsa ya komo, ya dawo hayyacinsa. Ciko da taso da tsiro su ma nan suke. Ajin yana faɗin inda aka fuskanto, ba ya faɗin ko an iso.

Akwai wani abu kuma a goshin kalmar. Ƙa'ida ce sananniya a Hausa, tana cikin waɗanda August Klingenheben ya bayyana, cewa baƙi irin su ɗ in ya zo ƙarshen gaɓa sai ya rikiɗe ya zama r. Shi ya sa ninkin kaɗa ya zama karkaɗa, faɗaka ta taƙaice ta zama farka, ciwon da ke ka da mutum yana maimaitawa kuma aka kira shi farfaɗiya, daga faɗi. Farfaɗo tana da wannan siffa ta ninki sak. Malamin da ke son ɗalibansa su riƙe ma'anarta ba zai rasa dabara ba in ya rubuta ta a allo kusa da farfaɗiya, gama mai farfaɗiya shi ne wanda aka fi gani yana faɗuwa yana farfaɗowa, ciwon kuwa yana nan bai rabu da shi ba.

Aji na 4 shi ne mai ƙarewa da e, ma'anarsa aiki ya kai matuƙa, bai bar saura ba: ci da cinye, sha da shanye, saya da saye. Warke da murmure da wartsake da miƙe da huce duk a nan suke. Abin sha'awa shi ne kalmomin faɗuwar su ma nan suka taru: rame, karye, durƙushe, talauce, tsiyace, lalace. Saboda haka ana samun su biyu-biyu suna fuskantar juna, rame da murmure, durƙushe da miƙe, kowace ta kai ƙarshen hanyarta. Wanda ya ce gari ya durƙushe, sa'an nan ya ce ya farfaɗo, bai rufe ramin da ya haƙa ba. Ya faɗi faɗuwa cikakkiya, ya biyo ta da tashi na somin-taɓi.

To, me ya sa farfaɗo ta rinjayi sauran a bakin 'yan jarida da masu mulki? Amsar a nahawu take. Murmure aikatau ne ƙi-karɓau, abu shi ke murmurewa da kansa, ba a kuwa cika jin an ce wani ya murmurar da wani ba. Warke tana da ɗiya a aji na 5, watau warkar da, wadda tsofaffin littattafai kan rubuta warkad da, amma ita ta manne wa cuta da magani. Farfaɗo kuwa, da yake 'yar aji na 6 ce, tana karɓar da cikin sauƙi kamar 'yan'uwanta: zo da, fito da, dawo da, farfaɗo da. Nan take ta sami aikau da karɓau. Mai shiri yana bukatar kalmar da zai tsaya a gabanta a ce shi ya yi, farfaɗo da kuwa ta ba shi wannan gurbi. Ba wanda ya zauna ya ƙulla haka da gangan, harshe ne ya bi hanyar da ta fi sauƙi. Amma sakamakon shi ne alkawarin da ake yi wa jama'a da Hausa ƙarami ne ƙwarai in an auna shi da ma'aunin kalmar: an ce za a yayyafa ruwa majiyyaci ya buɗe ido, ba a ce zai tashi ya yi noma ba.

Har wa yau kalmar tana ɗauke da wani sharaɗi da ake mantawa. Ba a farfaɗo da gawa. Sai abin da ke da sauran rai. Masaƙar zamani ta farko a Kaduna ta fara aiki a 1957, manyan masaƙun garin kuwa sun rufe a shekarun 2000. Dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace bayan farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, ga kuma man fetur da ya janye hankalin hukuma daga amfanin gona. Abin da ya shekara 20 ko 50 a kwance, injuna sun yi tsatsa, ma'aikata sun watse, ba suma ya yi ba. Hausa tana da kalmar da ta dace da shi, ita ce raya, kamar yadda ake raya kango ko a raya mataccen fili, ko kuwa a ce sake kafawa. Bambancin ba na ado ba ne, gama kuɗin yayyafa ruwa daban, kuɗin sabon gini daban.

Dabba da itace

Murmure ba ta tsaya ga mutum ba. A ƙarshen bazara shanu sukan rame har a ƙirga haƙarƙarinsu, in ruwa ya sauka ɗanyar ciyawa ta fito, cikin 'yan makonni sai a ce sun murmure. Amma a nan ma akwai tarko. Bayan babbar hasara, irin ta farin 1972 zuwa 1974 ko ta ciwon bushiya da ya sake ɓarkewa a 1983, shanun da suka tsira sukan murmure a damina guda, garken kuwa ba ya komawa yadda yake sai bayan shekaru, domin saniya wata 9 take yi da ciki, karsana kuma ba ta haihuwar fari sai ta shekara 3 ko 4. Murmurewa ta tsoka ce. Ta adadi kuwa sai a ce an mai da gurbi, ko garke ya komo. Haka yake ga mutane. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda aka yi wa laƙabi da Kakalaba a ƙasar Kano, waɗanda suka rayu sun murmure da kaka ta yi kyau, amma wanda ya sayar da gonarsa ko akuyarsa ya ci, sabon hatsi bai komo masa da su ba.

Wajen itace kalmomi biyu ne suka cancanci a bambanta, toho da gyauro. Toho shi ne sabon ganye ko reshe da ke fitowa daga itacen da aka sare ko ya kaɗe, saiwarsa tana nan da rai a ƙasa. Gyauro kuwa shi ne abin da ya tsiro da kansa a gona daga ragowar bara, ba wanda ya shuka shi. Shi ya sa in an aro gyauro aka kai ga mutane ba yabo ba ne, ana nufin 'yan ragowar da suka ɓullo bayan an zaci an gama da su, kamar yadda ake cewa gyauron 'yan fashi.

Toho ita ce ta sami babban misali a ƙasar Hausa. Daga wajen 1983 manoman jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, tare da wani ma'aikacin gona mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, suka ɗauki dabarar barin kututturan da ke cikin gona su yi toho, a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran. Dabarar ta yaɗu har aka ƙiyasta ta mai da itatuwa a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Ba dashe aka yi ba, ba kuma ban ruwa. Ƙarfin tashin yana cikin saiwar tun da fari, abin da mutum ya yi kawai shi ne ya daina kashe shi. Za a sake komowa kan wannan a gaba kaɗan.

Kasuwa

Ɗan kasuwa faɗuwa yake yi, in abin ya yi tsanani ya karye. Faɗuwa ta ciniki guda ce, kishiyar riba, ana yinta yau a fanshe gobe. Karyewa kuwa ta jari ce, uwar kuɗi ta tafi. Kalmomin tashinsa sun rabu bisa ga wannan. Wanda ya faɗi yakan mai da kuɗinsa, ko ya mai da uwa ko da babu riba, ko ya fanshe hasararsa a wani kaya. Fanshe 'yar'uwar fansa ce, watau a ba da wani abu a karɓo abin da ya kuɓuce. Rama ma tana kusa, sai dai ita biyan abin da ya wuce ne da irinsa, kamar ramuwar azumi da ramuwar barci, ko 'yan ƙwallon da aka ci suka rama, abin da masu sharhin wasanni kan ce sun farke. (A rubuce rama ta ramuwa, da rama ta rashin ƙiba, da rama ta igiya duk ɗaya suke, tsawon wasali da karin sauti ne ke raba su a baki. Ya kamata a faɗa wa ɗalibai wannan tun kafin su haɗa rame da ramuwa su ƙago asalin da babu shi.)

Wanda ya karye kuwa ba ya fanshewa, gama ba shi da abin da zai fansa da shi. Sai an ɗaga shi: ubangida ya ba shi kaya bashi, ko 'yan'uwa su yi masa gudummawa, ko a bar masa kwasar farko a adashi. A nan ne maganar ta da komaɗa take da mazauni. Komaɗa lotsawa ce irin ta kwano ko tasa da aka taka, mai gyara ya sa guduma ta ciki ya bubbuga har ta taso. Kwanon bai fashe ba, bai kuma iya gyara kansa ba. Wannan magana ta fi farfaɗo da dacewa da yawancin abin da hukuma ke nufi in ta ba da rance ko tallafi, tana kuma da aikau da karɓau yadda ake so. 'Yan jarida suna amfani da ita jefi-jefi, ya kamata su ƙara. In mutumin ya kama ciniki har ya daina neman a tallafe shi, sai a ce ya miƙe, ko ya tsaya da ƙafarsa. In arziki ya komo har ya nuna a jikinsa da gidansa, a nan ma ana cewa ya murmure.

Akwai kuma maganganun da ba tashin suke faɗi ba, niyyar tashin suke faɗi: sake ɗamara, sake shiri, sake lale. Ta ƙarshen daga wasan karta aka samo ta, a tattara a cakuɗa a sake rabawa. Karin maganar da ke cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne a wannan rukuni take.

Abin da ba ya komowa

Duk kalmomin da aka ambata sun ɗauka cewa abin da aka rasa yana iya dawowa. Inda ba ya dawowa, Hausa takan sauke su gaba ɗaya. Matar da mijinta ya rasu, ta yi takaba wata 4 da kwana 10 ta fita, ba a cewa ta warke, ba a cewa ta farfaɗo. In an ce ta murmure, jikinta ake nufi. Abin da ake faɗi game da zuciyarta shi ne ta haƙura, ta dangana, hankalinta ya kwanta, ta saki ranta. Mai fushi hucewa yake yi, kamar tuwon da aka sauke, domin fushi zafi ne da ke wucewa. Mai rashi kuwa dangana yake yi, watau ya jingina al'amarin ga Wanda ya yi shi. Masu fassara littattafan kula da waɗanda bala'i ya taɓa zukatansu suna yawan tuntuɓe a nan, su rubuta warkewa daga rashi, maganar da in an faɗa wa mai makoki zai ji kamar an ce mamacinsa ƙurji ne.

Juriya

Saura kalma guda da ta shigo fagen ta ƙofar baya. Turawa suna da wata kalma da suka samo daga Latin, asalin ma'anarta abu ya yi tsalle ya koma inda ya fito, kamar ƙwallon roba in an buga shi da ƙasa. Ƙungiyoyin agaji da masu aikin sauyin yanayi sun riƙe ta ƙwarai, suna nufin halin da ke sa gida ko gari ya tashi da wuri bayan fari ko ambaliya ko rikici. Fassarar da aka fi ba ta a Hausa ita ce juriya.

Wannan fassara ba ta yi ba. Juriya daga jure take, 'yan ɗakinta su ne dauriya da jimiri da haƙuri, dukansu kuwa suna faɗin tsayawa ne a ƙarƙashin kaya ba a kasa ba, tun kayan suna bisa kai. Jaki yana da juriya. Mai ciwon haƙori da ya ƙi yin raki ya daure. Ba ɗaya daga cikinsu da ta ce an sauke kayan, balle a miƙe. Saboda haka jami'in da ya tara manoma ya ce musu an zo ne a ƙara musu juriya ga fari, abin da ya shiga kunnensu shi ne an zo a koya musu shan wuya, su kuwa sun riga shi sanin wannan karatu. Abin da yake nufi ya fi kusa da kututturen Maraɗi: a kiyaye saiwar da za ta yi toho, watau iri a rumbu, da 'yar akuya a turke, da sana'ar rani, da dangin da za a jingina da su.

Ba lalle ne a ƙago kalma guda ta maye gurbin juriya ba, gama neman kalma guda shi ne ya jawo matsalar tun farko. Inda ake zancen yaran da tamowa ta kama, saurin murmurewa ya isa. Inda ake zancen 'yan kasuwa, a ce iya miƙewa bayan karaya. Inda ake zancen ƙasa da itatuwa, a ce ƙarfin toho. Juriya kuma a bar ta inda take da gaskiya, watau ga irin gero ko dawa da ke jure ƙarancin ruwa, domin shi wannan tsayawa yake yi a cikin farin, ba tashi yake yi bayansa ba.

Ga malamin kwaleji, hanyar koyar da wannan ba ta da tsada. A ba ɗalibai labari guda na gaske, alal misali gobarar da ta cinye babban sashe na kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, a ce su rubuta jimla uku: ranar da za a ce kasuwar ta farfaɗo, da ranar da za a ce an ta da komaɗar 'yan kasuwar, da ranar da za a ce sun murmure. Ɗalibin da ya gane zai sa ta farko a makon da aka fara kasa kaya a kan tebur a gefen toka, ta biyu a lokacin da jari ya shiga hannun waɗanda suka karye, ta uku kuwa zai tambaya tukuna ko wane ɗan kasuwa ake nufi, domin mai rumfa goma da ya rasa uku da mai rumfa ɗaya da ya rasa ɗayar ba rana guda suke murmurewa ba.